Koke Kan Gadojin Jirgin Ƙasa da Ke Tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Gusau.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki. Mu tsofaffin ma'aikatan reluwe da magina da maƙera muna kawo kuka kan gadoji da kwalbatocin layin dogon da ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Turawa sun shimfiɗa shi don kwasar gyaɗa da auduga, ƙaramin layi mai faɗin ƙafa 3 da inci 6. Aikin ya kusa shekara 100 yana tsaye, yanzu hannun mutane ke neman kayar da shi.

Babbar ɓarnar daga ƙasa take, inda ido ba ya kaiwa. Masu tifa na haƙar yashi dab da ginshiƙai. Ramin da aka haƙa a gangaren gada ba ya zama wuri ɗaya: duk damina ruwa na cin bakinsa, yana tahowa baya har ya iso gindin ginshiƙi, ya kwashe ƙasar da harsashin ke zaune a kai. Ginshiƙi ɗaya ya ɗan nutse, dogo ya karkace, alhali daga sama gadar na nan kamar ba komai.

Sai 'yan jari bola. Kowane mahaɗin dogo faranti 2 ke riƙe da shi, da noti 4, kuma su ake kwancewa a sayar a kilo. Ƙarfen gada na wancan zamani ba walda aka yi masa ba. Ƙusa ake gasawa ta yi ja, a zura, a doke kanta, in ta huce ta matse. Wadda aka sare da kurfi ba a mayar da irinta a kasuwa. Ga kuma mazaunin ƙarfe a kan ginshiƙi, wanda aka yi don ya riƙa motsi: ƙarfe mai tsawon mita 20 kan miƙe kusan milimita 7 tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar bazara. In shara da tsatsa suka cushe wurin, ginin ne zai tsage.

Don haka muke roƙon Sarki ya umurci uwayen ƙasa da masu unguwanni su hana ɗibar yashi mita 200 sama da ƙasan kowace gada, su hana zuba shara a bakin kwalbati, a kuma gargaɗi dillalan ƙarfe, domin in babu mai saye babu mai kwancewa. Muna kuma roƙon fada ta isar wa hukumar jiragen ƙasa buƙatar turo injiniyoyi kafin ruwan fari, lokacin da gulbi ya ƙafe, ana iya ganin harsashi. A jibge manyan duwatsu a gindin ginshiƙan da ruwa ya ci, a kankare tsatsa a shafa jan fenti. Mu kuma a shirye muke mu nuna wuraren, kyauta.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.