Gaisuwar Sallah daga Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Mun yi Idi a wani zaure da aka yi haya, ana ta yayyafi, amma hankalina yana Fakon Idi tare da ku.

Albishirinka: jami'a ta ba ni muƙamin farfesa. Kai na fara faɗa wa, domin da kuɗin garejinka na yi digirin injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Abin da ya biyo baya ka san shi, digiri na biyu, na uku, shekarun bincike da kwantiragi, sannan koyarwa.

Inna kullum tana tambaya wai wane irin aiki nake yi. Don Allah ka tuna mata da safiyar hunturu, in tana shara rana ta ratso ta ƙofar ɗaki, ƙura na yawo cikin hasken. To, aikin ke nan. Muna zuba ƴan ƙananan ƙwayoyi masu kama da ƙura cikin iskar da ke shiga inji, mu haska su da koren hasken leza (na'ura mai fitar da haske mai ƙarfi) sau biyu, tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Kyamara ta ɗauki hoto biyu, kwamfuta ta auna nisan da kowace ƙwaya ta yi, sai mu san gudun iskar da inda ta nufa. Dalilin amfani da haske kuwa, wuta ce ke ci a cikin injin, kuma harshen wutar gas yana kusan digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyos. In ka cusa ƙarfen awo, ko ya narke ko ya dagula wutar da kake son aunawa. Haske kuwa ratsawa yake, bai taɓa komai ba.

Kai da kunne kake gane injin da ke shan mai, ni kuma sai na leƙa cikinsa ta tagar gilashi, amma ciwo ɗaya muke nema. Kowace shekara nakan fara wa ɗalibai da Ibnul Haisam, wanda shekara dubu da suka wuce ya nuna a Alƙahira cewa haske ne ke shiga ido. Leza kuwa sai 1960 aka ƙera ta.

Na tura kuɗin yara na goron Sallah. Ka roƙa mini Inna ta ci gaba da sa mini albarka, kuma in an samu mai tahowa a ba shi kilishi.

Ƙaninka.