Abba, kafin ku ɗauki motar nan zuwa bakin tafki

Assalamu alaikum Abba,

Da fatan kana lafiya, ya karatu ya jama'ar Minneapolis. Ummanka ta nuna min hoton motar da kuke son ɗauka haya kai da abokanka, RV ɗin nan mai gado da kicin da bayi a ciki, ita dai hukuncinta ɗaya ne, a hana ka. Ni ban bi bayanta ba. Lokacin da nake zaune a jihar Minesota na bi hanyar 61 ɗin nan da ta tashi daga garin Duluth ta bi gefen tafkin Superior har iyakar Kanada, wajen kilomita 240, kuma wuri ne da ya kamata mutum ya gani da idonsa. Ka je. Amma ka karanta wannan har ƙarshe, ka kuma karanta wa wanda zai riƙe sitiyari.

Matsalar motar nan ita ce tana sa mutum ya sake, ga katifa ga firji ga murhu, sai ka ji kamar kana ɗakinka, alhali janareta da tukunyar gas da hita duk suna cikin akwati ɗaya da kai kake barci a ciki. Ka san labaran da muke ji a nan gida duk shekara, iyali guda a wayi gari babu mai motsi don an shigo da janareta cikin gida saboda ruwan sama ko ɓarayi. Iskar da ke kashe su, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ɗin ce dai a can. Ranar da za ku karɓi mota ka sa mai hayar ya danna na'urar gargaɗin iskar a gabanka ka ji ƙararta da kunnenka, haka ta hayaƙi da ta yoyon gas, in ɗaya ba ta yi ƙara ba kar ku motsa. Daren arewa yana sanyi ko a watan Yuli, to a nan ne wani mai wayo a cikinku zai ce a kunna murhun girki a ɗumama mota, ka hana, ko da za a yi rigima. Kar a kwana da janareta a kunne, ka kuma duba inda salansar motar maƙwabta ta fuskanta, kar hayaƙinsu ya riƙa shigo muku ta taga. In ku biyu kuka tashi da ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya a lokaci ɗaya, kowa ya fita waje tukuna sannan a yi bincike.

Sai ruwan. Na san ka iya iyo, amma iyon da ka koya a ruwan ɗumi ne. Superior ya fi kowane tafkin ruwan daɗi a duniya faɗi, wajen murabba'in kilomita 82,000, kuma in aka haɗa sama da ƙasa sanyin ruwansa bai wuce digiri 4 ba a yawancin shekara, saman ne kawai yake ɗan ɗumi a ƙarshen bazara. Wanda ya faɗa ruwa mai irin wannan sanyi numfashinsa ne ke fara ƙwacewa, ya ja iska ba da niyya ba ya haɗa da ruwa, kafin wani lokaci hannu da ƙafa su daina bin umarni, gwaninta ba ta amfani a nan. Tafkin nan ya haɗiye jirgin Edmund Fitzgerald mai tsawon fiye da mita 200 a watan Nuwamba na 1975 da mutum 29, ko ɗaya bai fita ba, ita ma hasumiyar fitila ta Split Rock da za ku tsaya ɗaukar hoto an gina ta ne a 1910 bayan guguwar 1905 ta farfasa jirage. Ku kalle shi, ku tsoma ƙafa, shi ke nan. In kwale-kwale kuke so ku nemi ƙananan tafkuna na ciki ta hanyar Gunflint da ta tashi daga Grand Marais, kuma rigar hana nitsewa a jiki take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba. Duwatsun magangarar Gooseberry da na kogin Temperance suna da santsi, don Allah kar ka hau bakinsu saboda hoton da za ka saka a Instagram.

Tuƙinta ma daban ne. Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna a gaban direba saboda rumfar gidan mai da rassan itace, in za a yi kwana bayanta yana fita waje, in za a yi ribas wani ya sauka ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi. Birki ba ya kama ta da wuri, gangaren shiga Duluth kuma dogo ne, a sa ƙaramar giya. Da magariba ta gabato ku riga kun yi fakin, lokacin ne barewa ke tsallaka titi, can sama kuma akwai wata ƙatuwar dabba da suke kira mus wadda in mota ta buge ta motar ce ke shan kashi. Mai kuwa tana sha, galan ɗaya da ƙyar ya kai ku mil 10, ku yi lissafin tun yanzu kar a zo ana kallon-kallo a gidan mai. Ka karanta takardar inshora, ka ɗauki hoton duk wani ƙwarzane kafin ku fita.

Ba a ko'ina ake kwana ba, wuraren kwana na gandun jihar ana kama su ta intanet tun kwana 120 kafin lokaci kuma na bakin tafki suna cika da wuri, ba kowanne ke da wutar lantarki ba. Ruwan bayi da na wanke-wanke tanki biyu ne a ƙarƙashin mota, kuma ku masu buta da alwala sau biyar za ku cika su fiye da yadda mai hayar yake zato. A wurin da aka tanada kawai ake juyewa, a sa safar hannu, na bayi a fara sannan na wanke-wanke ya biyo ya ɗauraye tiyo. Ku riƙa yin aikin karɓa-karɓa, kar a bar wa ƙaramin cikinku.

Itacen wuta kar ku ɗauko daga birni, an hana saboda wani ƙwaro mai kashe itatuwa da aka fara gani a St. Paul a 2009, ku saya a can wanda aka amince da shi. In kun gama ku zuba ruwa ku juya toka har ta huce, gobarar Ham Lake ta 2007 daga wutar mai kwana a daji ta tashi ta cinye wajen eka 75,000. Naman gashi ku saya na halal a shagunan Somaliyawa kafin ku bar gari, amma komai mai ƙamshi da shara a kulle su cikin mota da dare saboda dabbar dajin nan da ake kira beyar. Sauron can ba ya sa maleriya, kaska ce abin dubawa, ka duba jikinka kowace yamma, in ka ga jan zobe a fata ko zazzaɓi bayan kun dawo ka gaya wa likita ka shiga daji, ciwon Lyme da kaska ke yaɗawa ne zai duba.

Kar ka bari a ja ka tsallaka gadar kogin Pigeon wai a leƙa Kanada. Abokanka masu fasfon Amurka za su wuce su dawo, kai fasfon Najeriya gare ka da bizar karatu, Kanada tana son tata bizar, dawowa kuma wani aiki ne.

Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru sosai, ka yi ƙasaru sai in kun yi niyyar zama kwana huɗu a wuri guda. Alƙibla arewa maso gabas take daga can. A tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, asuba kuma tana shigowa tun wajen uku, ka sauke jadawalin salla da taswira a waya tun kana da netwok don a hanyar Gunflint yana ɗaukewa.

Ka turo min sunayen wuraren da za ku kwana da ranakun, da lambar ɗaya daga cikin abokan tafiyar, ka kuma kira Ummanka da bidiyo ka nuna mata na'urar gargaɗin nan tana ƙara, da haka na shawo kanta. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka