Wasiƙa daga Garwa: Toka da Allurarsa

Unguwar Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminiyata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya gida, ya yara, ya maigidan? Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara, wanda na san ku ma a Njamena bai raga muku ba. Kogin Binuwai ya janye har yara suna buga ƙwallo a kan rairayinsa. Humrar da kika aiko ta iso, na gode, Allah ya bar zumunci.

Kin tambaye ni ko da gaske ne ina yi wa kyanwa allura safe da yamma. Da gaske ne. Da kika ƙara da cewa muzurun 'yarki ya fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa kuma yana ramewa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, gara in zauna in rubuta miki yadda za ki iya sake dubawa.

Kin san Toka, muzurun Inna, Allah ya jiƙanta, wanda yake kwana a gefen sallayarta. Bayan rasuwarta ni na ɗauko shi. Wajen ƙarshen damina na lura kwanon ruwansa ba ya kai azahar, har randa yake leƙawa. Ci kuwa kamar an aiko shi, amma kullum ƙashin bayansa ƙara fitowa yake. Abin da ya tsayar mini da zuciya shi ne ranar da na ga kiyashi sun yi dandazo a inda ya yi fitsari. Na san wannan alamar tun zamanin jinyar Inna. Ga tafiyarsa ma ta canza, ƙafafun baya sun saki, yana taka ƙasa da dunduniya maimakon yatsu.

Likitocin dabbobinmu na nan, kin sani, yawanci aikinsu shanu ne da tumaki da awaki. Ko babban ɗakin binciken nan na Bokle, alluran rigakafin dabbobin kiwo ya shahara da su. Allah ya haɗa ni da wani matashin likita da ya yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundare. Ya gwada jini, ya gwada fitsari, bai yanke hukunci ranar ba. Ya ce tsoro kawai yana iya ɗaga sugan kyanwa sama, don haka awo ɗaya a hannun baƙo ba hujja ba ne. Sai da ya sake gwadawa ya tabbatar mini ciwon suga ne, irin mai kama da na manyan mutane, kuma ya fi kama muzurai masu ƙiba da suka fara manyanta. Toka kuwa Inna ta shagwaɓa shi da burodi da madara shekara da shekaru.

Insulin, wato maganin allura na rage sugan jini, wanda muke samu a farmasi na mutane ne, Lantus, mai kama da alƙalami, mililita 3 a ciki. Ma'auninsa ana ce masa yunit, kuma kowace mililita tana da 100. Toka ya fara da yunit 1 da safe, 1 da yamma, yanzu yana kan 2. In kin ga abin a cikin sirinji sai ki ce raɓa ce, ɗigo ne da ƙyar ido yake kama shi. Amma wannan ɗigon, in ya yi yawa, kisa yake yi. Likita ya zaunar da ni a kan maganar sirinji fiye da komai. Akwai wani insulin na dabbobi, Caninsulin, mai yunit 40 a mililita, yana da nasa sirinjin daban, galibi mai jan murfi. Namu mai 100 murfinsa ruwan lemo ne. In aka zuƙi irin namu da sirinjin mai 40 har zanen 2, to yunit 5 aka ba dabba, ba 2 ba. Don haka duk wanda na aika farmasi, da tsohon kwalin yake tafiya a hannu.

Yin allurar ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin, ko da yake satin farko hannuna rawa yake yi. Ina ajiye masa abinci, in bari ya ci ya yi nisa, sannan in kama fatar kuiɓinsa ko ta bayan kafaɗa da yatsu biyu in ɗaga ta kamar 'yar rumfa, in soka a ƙarƙashin fatar, ba cikin tsoka ba. Tsinin siriri ne ƙwarai, sau da yawa ko kai ba ya ɗagowa daga kwano. Yau dama, gobe hagu, sabuwar allura kowane karo. Ƙarfe shida na safe bayan na idar da lazimi, ƙarfe shida na yamma kafin kiran magariba, awa goma sha biyu tsakani. Biki ko suna, duk inda nake, kafin shida ina gida.

Yanzu bari in ba ki labarin ranar da na kusa rasa shi, don ita ce dalilin wannan doguwar wasiƙa. Wata Juma'a ana suna a maƙwabta, na yi masa allurarsa da wuri na fita taya aikin girki. Auta ta tashi ba ta gan ni ba, ta ɗauka na manta, ita kuma ta iya, don ni na koya mata. Sai ta sake yi masa. Tausayi ne ya sa ta, ban ga laifinta ba har yau. Bayan an sauko daga masallaci na shigo na kira shi, shiru. Na same shi a ƙarƙashin gado, ya fito yana tangaɗi, ya yi taku biyu ya kife. Idanunsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba, yawu na zuba, kunnuwansa sun yi sanyi a cikin wannan zafin. Na soki gefen kunnensa na gwada jininsa, na'urar awon suga ta nuna 42. Lafiyayyar kyanwa tana tsakanin 80 da 120 ne ko kusa da haka. Wallahi ƙafafuna ne suka fara saki. Na tuna abin da likita ya ce, na lakato zuma da yatsa na goga masa a dasashi. Gogawa ake yi, ba a ɗura wa dabbar da ba ta cikin hayyacinta komai, don sai ta shaƙe. Auta tana kuka tana kiran likita a waya, ni ina gogawa ina salati. Bayan 'yan mintoci ya fara lasar baki, ya ɗago kai. Likita ya iso a kan babur, ya ƙara masa ruwan suga ta jijiya, ya ce kada a yi allurar yamma, kuma kada mu saki jiki, domin Lantus yana daɗewa yana aiki, sugan yana iya sake faɗuwa bayan zumar ta wuce. Haka muka kwana, ina ba shi abinci kaɗan-kaɗan, ina gwadawa, har asuba.

Tun ranar na rataye littafi da biro a jikin firji. Duk wadda ta yi allura sai ta rubuta lokaci da yawan abin da ta ba shi da ko ya ci abinci, kafin ta ajiye sirinji. In babu rubutu kuma ana shakka, ba a yin allurar. Haka in na yi allura na ji gashinsa ya jiƙe, alamar ta zube a waje, ba na maimaitawa, sai lokaci na gaba ya zagayo. Sugan da ya hau na yini ɗaya yana jira a gyara shi, wanda ya faɗi ƙasa ba ya jiran kowa. In ya ƙi cin abinci ba na taɓa sirinji sai na ji daga likita. In kuwa ƙin cin ya haɗu da amai da kwanciya, wannan ba na waya ba ne, ɗaukarsa ake yi a tafi nan take. Ƙari ko ragi ba na yi da ra'ayina. Likita ma sai ya ga awon kamar sati guda, sannan ya matsa da rabin yunit. Ya ce wasu kyanwoyin, in an dace da abinci da allura da wuri, jikinsu yakan farfaɗo har su daina buƙatar insulin, kuma ba sa sanarwa, shi ya sa gwajin kunnen nan ba a wasa da shi. Ina ɗumama kunnen da tsumma tukuna, jinin ya fi saurin fitowa.

Abinci kuwa na yanke tuwo da shinkafa da burodi gaba ɗaya. Kyanwa maciyar nama ce tun asali. Dafaffen karfasa da aka cire wa ƙaya, kaza, nama, wani lokaci ɗan hanta, da na gwangwani in an samu. Ba na ba shi daga tukunyar miya saboda albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini.

Wahalar da ta rage ita ce ajiya. Ana so insulin ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, kada ya daskare, kada rana ta taɓa shi, mu kuwa muna haura 40 a watan nan. In ruwan madatsar Lagdo ya ja baya wuta takan yi ta ɗaukewa. Sai na koma dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a kai, wadda Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo a shekarar 2000. Ba ta kai firji ba, amma tana riƙe sanyi har wuta ta dawo. Lantus garau yake kamar ruwa, duk ranar da na ga ya yi gajimare na san ya tashi aiki.

Akwai maganar da ta fi allurar yi mini nauyi. Wata maƙwabciya ta ce mini, mutane na nan da ciwon suga ba su da kuɗin magani, ke kina kashewa a kan mage. Ban yi fushi ba, don gaskiya ta faɗa, na ga irin wannan rashin da idona lokacin da nake bin layi da Inna. Na kwana biyu ina juya maganar. Abin da na iya ce wa kaina shi ne, wannan rai a hannuna aka bar shi, ba ya iya zuwa ko'ina ya nemi taimako, kuma mun taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Likita ma ya ba ni labarin cewa a kan karnuka aka fara gwada insulin a Toronto ta Kanada a 1921, kafin a yi wa mutum na farko a 1922. Duk da haka maganarta ba ta fita daga raina ba, kuma ba na so ta fita. Yanzu maganin mijinta a firjina yake kwana, in wuta ta ɗauke su koma tukunya tare da na Toka, kowanne a cikin robarsa da alama a jiki.

To, game da muzurun 'yarki: kada ku saya masa komai, kada kuma wani mai ciwon suga ya ce zai ɗiba masa daga nasa. Ciwon ƙoda ma yana sa yawan shan ruwa da rama, musamman ga wanda ya tsufa, kuma in aka yi wa mai ciwon ƙoda insulin an cuce shi. Ku kai shi a gwada jini da fitsari. Kafin nan ku auna ruwan da yake sha a yini, ku duba ko kiyashi na bin fitsarinsa, ku gaya wa likita. In sakamako ya fito ki kira ni ko da tsakar dare ne.

In kin leƙa farmasi a can, don Allah ki duba mini sirinji mai 100, ƙarami mai ɗaukar yunit 30, wanda yake da zanen rabi-rabi. Nan ba kullum ake samunsa ba. Ki ba direban da ya kawo humra.

Toka ya fara mayar da jiki, jiya har ya haye katanga, abin da rabonsa da yi tun kaka. Auta tana gaishe ki. Ki gaida Hajiya da kyau, ki shafa mini kan yara.

Wassalam,
Taki har kullum,
Ƙawarki ta Yelwa