Haƙƙin Ma'aikata: Alkawarin Baka Bai Isa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yadda ake danne ƙungiyoyin ƙwadago a ƙasashe da dama, kuma abin ya sosa mini rai ƙwarai.

A ganina ba dokoki aka rasa ba. Tun 1948 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 87 kan 'yancin kafa ƙungiya, sai dai aiwatarwa na hannun gwamnatoci.

Mu tuna ginin Rana Plaza a Bangladesh, wanda ke ɗauke da masana'antun ɗinka tufafi. An ga bango ya tsattsage, amma washegari, 24 ga Afrilun 2013, aka tilasta wa maɗinka komawa bakin kekunansu. Ginin ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka rasu, galibinsu mata. Da suna da ƙungiya mai ƙarfi, wa zai tura su ciki? Bayan haka ne kamfanonin tufafi sama da 200 suka sa hannu da ƙungiyoyin ƙwadago kan yarjejeniyar kare lafiyar ma'aikata da doka ta ɗaure su da ita, aka riƙa duba masana'antu ana gyarawa.

Ina kira ga ƙungiyoyin ƙwadago na duniya su matsa a yi irin wannan a ma'adinai da gonaki, jaridarku kuma ta riƙa bibiya.

Naku,
Mai karatu