Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aka Kwana Kan Ramukan Dagwalon Kamfanin Fata

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa, manoman lambu da mazauna gefen Kogin Challawa.

Bana kusan duk ƙarfin kwamiti ya tafi ne kan ramukan dagwalon da kamfanin jimar fata ya bari bayan ya daina aiki, da wanda zai ɗauki nauyin kwashe su. Ba za mu kama sunan kamfanin ba tunda ana kan sulhu. Yashe magudanai kafin damina da taimakon iyalan mambobinmu da suka rasu, Allah ya jiƙansu, an yi su yadda aka saba. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi daban.

Da awo muka fara. An ɗebi ƙasa da ruwa daga ramukan da lambunan da ke maƙwabtaka da su, aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna akwai kuromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi a masana'antun Challawa, Sharaɗa da Bompai. Kuromiyam dangin ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Ruwan sama yana tafiya da shi cikin ƙasa da rijiyoyi, kuma akwai nau'insa da ke jawo ciwon daji. Da wannan takarda muka rubuta wa Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da masaƙu a 2009.

Daga nan wakilan kamfani suka nemi zama, aka yi shi a gaban mai girma dagaci. Tayinsu shi ne a ba masu lambun da abin ya shafa diyya, mu kuma mu sa hannu cewa magana ta mutu har abada. Ba su ce komai kan ramukan ba. Kwamiti bai sa hannu ba.

Mun san wasu 'yan uwa ba su ji daɗin haka ba, kuma muna ganin uzurinsu. Wanda latas da albasarsa suka ƙone, ga iyali ga bashin taki, yana da haƙƙin ya ce a karɓa. Amma diyya daban, gyaran ƙasa daban. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas sun sami fam miliyan 55 daga kamfanin mai na Shell a 2015 kan malalar man 2008, duk da haka an daɗe ana jan ƙafa kan tsabtace fadamunsu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce farfaɗo da muhallin Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Kuɗin hannu yakan ƙare kafin rani ya zagayo, ita kuwa wannan ƙasa 'ya'yanmu ne za su gaje ta.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kada kamfanin ya sayar da fili da injina ya watse, a rasa wanda za a riƙe. Mun ga yadda rashin mai ɗaukar alhaki ya kasance a Zamfara. Gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 bayan ɓullarta a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma sai a 2013 aka samu kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega na Anka. A garin Koko kuwa, cikin Jihar Delta ta yanzu, da aka jibge gangunan guba daga Italiya a 1988, an san inda suka fito, dole aka mayar da su, har aka kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da sharar guba.

Saboda haka sharaɗinmu na farko shi ne kamfani ya zuba kuɗin gyara a asusu na musamman, wanda ba za a taɓa ba sai da sa hannun hukuma da wakilinmu, tun kafin a yi maganar sayar da fili. A kwashe dagwalon zuwa wurin da hukuma ta amince, kada a rufe shi da jar ƙasa a ce an gama. Wanda zai sake awo bayan aiki ya zama ba kamfani ne ya zaɓo shi ba, kuma sai awon ya fito da kyau za a sauke musu alhaki. Diyyar masu lambu tana nan a matsayinta, ba mu yafe ta ba. Daga baya wakilan kamfanin sun amince da baki za su kewaye ramukan saboda yara da dabbobi, muna jiran a rubuta.

Lauyan ƙungiya zai karanta daftarin da Hausa a babban taro mai zuwa, sannan a kaɗa ƙuri'a. Muna roƙon iyayenmu mata su zo, don su ne ke ɗiban ruwan rijiyoyin. Kafin nan, don Allah kada kowa ya sa hannu kan wata takarda shi kaɗai, kada kuma a ɗebi busasshen dagwalon a zuba a gona da sunan taki.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti