A daina raina kurna da aduwa

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki.

Ina rubuto muku ne daga Mai Wurno, jihar Sinnar a nan Sudan, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Dan Allah a ban ɗan fili, wata magana ce ta daɗe tana cina a rai.

Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 gas ya yi wuya, kowa ya koma kan itace da gawayi, bishiyoyi sun sha gatari ba kaɗan ba. To yanzu da mutane suka fara gyaran gidaje sai ka ga kowa ya nufi mashtal, wato wajen masu saida dashe, ya kwaso wata bishiya da ake ce wa damas ya jera a jikin katanga wai don yana saurin girma. Eh yana da sauri, amma saiwarsa ba ta barin bututun ruwa da masai su zauna lafiya, ni da kaina sai da na sare guda biyu bayan sun tsaga min bango, kuma duk shekarun da suka yi ko akuya ba ta taɓa morarsu ba.

Kamar ba mu ɗau darasi da miskit ba, icen nan mai ƙaya. A 1917 aka shigo da shi ƙasar nan, daga baya aka yi ta baza shi wai maganin hamada, ya zo ya cinye gonaki da magudanan ruwa a Kasala da Tokar, har sai da gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi a 1995, kuma har yau ana nan ana fama.

Alhali ga namu na gado. Kurna, wadda Larabawa ke ce ma sidir, in ta yi fure bayan damina wallahi tun daga zaure kana jin gunjin ƙudan zuma, kuma kowa ya san kuɗin zumar sidir a kasuwa. Gawo shi kuma nashi salon daban ne, da damina ya kaɗe ganye ya bar dawa ta sha rana, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi ganye ya yi fure, daidai lokacin da ƙudan zuma ke neman abin ci. Kuka da dare take buɗe furenta, jemagen nan da yara ke jifa shi ke kai garin fure daga wannan zuwa waccan, in ba shi to gongolez ɗin, wato 'ya'yan kuka da muke jiƙawa da azumi, zai yi wuyar samu. Ga bagaruwa, ga aduwa, ga daƙwara da ke ba mu ƙaro. Hatta tumfafiyar da muke rainawa, a ganyenta wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro ke yin ƙwai.

Wani zai ce mutane na neman abinci kai kana zancen ƙwari. To ai zancen abincin nake. Kabewa da kankana furen namiji daban na mace daban, in ƙwaro bai yi zirga-zirga tsakaninsu ba sai dai ka ga ɗan ya yi rawaya ya faɗo. Ƙanena ya shuka kabewa a bakin kogi, ganye kamar me, amma abin da ya tsinka bai cika buhu ba, saboda kullum da hantsi yake feshi, lokacin da fure ke buɗe ƙudan na kai. Na ce ya mai da feshin bayan la'asar sakaliya, sai da muka yi musu sosai kafin ya yarda.

Ni dai a tsakar gidana yanzu akwai kurna ɗaya da aduwa ɗaya, na bar wani lungu da ba a sharewa, na aje tsohon kwano da ruwa da 'yan tsakuwa a ciki don kada ƙudan su nutse. Kurciyoyi sun dawo, kwanaki har bushiya na gani da daddare. Uwargida na mitar ƙaya, kuma tana da gaskiya, shi ya sa na matsar da bagaruwar bayan gida. Mai son gwadawa ya jiƙa irin bagaruwa a ruwan zafi ya kwana, ya shuka a leda yanzu, kafin ruwan Yuli ya kai dashe.

Naku mai karatu,
daga Mai Wurno, Sudan