A Haɗa Sabbin Magatakardan Kotu da Tsofaffin Hannu

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana ma'aikatan kotu, musamman masu riƙe da rubutun shari'a: magatakarda, akawu, tafinta da masu buga kwafi. Na yi shekara 35 ina wannan aiki, daga 1988 har na yi ritaya, kuma mafi yawansu a nan ƙasar Zazzau na yi su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro ɗan maƙwabcina da aka ɗauka aikin kotu bara. Ya zo gaishe ni bayan sallar isha'i, na tambaye shi wa ke koya masa aiki. Ya ce, "Baba, babu kowa. An dai nuna mini tebur da kabad ɗin fayil." Daren nan na daɗe ban yi barci ba, domin na tuna yadda na soma.

A shekarata ta farko, tun ana kiran kotunanmu kotunan yanki, aka ba ni wata shari'ar gona in buga kwafinta, saboda wanda aka kayar ya ɗaukaka ƙara. Rubutun alƙali ne da hannu, shafi sama da arba'in, tawadar ta soma dusashewa. Na kwana biyu a kan tafireta da takardar kabon. Da na gama sai na kai wa babban magatakardanmu, wani dattijo da ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta da yatsa, layi bayan layi. Ya ajiye asalin a dama, kwafina a hagu. Can sai yatsansa ya tsaya. Ya ce, "Yaro, karanta mini nan." Na karanta: "Mahaifina ya ba shi gonar." Ya ce in duba na alƙali. Abin da mai shaida ya faɗa shi ne, "Mahaifina ya ba shi aron gonar." Kalma ɗaya na tsallake. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya ce, "Alƙalan sama ba su ga mai shaidar nan ba, ba su ji muryarsa ba. Takardarka kaɗai za su gani. Da ka bar ta haka, ka raba marayu da gonar ubansu." Ya sa na sake buga shafin, sannan ya zaunar da ni har la'asar yana bambance mini aro da jingina da kyauta da haya, da yadda mutumin ƙauye ke furta kowanne.

Wannan ba a cikin wani littafi na same shi ba. Shi ne ya koya mini cewa tafinta ba ya gyara wa mai shaida magana, ko da ta fito a karkace. Shi ya nuna mini cewa sallamar wanda ake tuhuma daban, wanke shi daga laifi daban, kuma ƙarar da aka kora mai ita na iya dawo da ita ba ɗaya take da wadda aka rufe ƙofarta ba. A bakin jama'a duk "an kori ƙara" ne, amma a takarda rayuwar mutum na iya ratayuwa a kan wannan bambanci.

Doka ma ba ta ɗauki aikinmu da wasa ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kotu ta ajiye rubutaccen bayanin shari'ar laifi, ya ba wanda ake tuhuma damar karɓar kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gama shari'a, ya kuma ce a ba shi tafinta kyauta idan bai jin harshen da ake shari'ar da shi. Wa ke cika waɗannan? Mu ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta buɗe ƙofar naɗar zaman kotu da na'ura. Na yi murna da haka, don na ga yadda rubutun hannu ke gajiyar da alƙalai yana jan shari'a. Amma na'ura ba ta san aro da jingina ba. Dole wani ya saurara ya mayar da sautin rubutu, kuma shi ma sai an koya masa.

Saboda haka nake kira ga ƙungiyarmu ta ma'aikatan shari'a, JUSUN. Kowa ya ga ƙarfinta a 2021, lokacin da ta rufe kotunan ƙasar nan kusan wata biyu kan neman 'yancin cin gashin kai na kuɗi ga ɓangaren shari'a. Ƙungiyar da ta iya wannan, ba zai gagare ta ba ta tanadi cewa duk sabon ma'aikaci a haɗa shi da tsohon hannu na tsawon shekara guda, ya riƙa duba masa aiki kafin ya fita. Na san Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da ke Abuja na shirya wa ma'aikatan kotu bita, kuma wanda ya je yana ƙaruwa. Sai dai bitar 'yan kwanaki ba ta maye gurbin wanda zai zauna kusa da kai ranar da ka tsallake kalma.

Mu a Zariya ma ba mu da uzuri. Kongo, inda tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci suke, ta faro ne a 1947 a matsayin makarantar horar da akawu. Malamai na nan, tsofaffin magatakarda na nan a Tudun Wada da Sabon Gari da cikin birni, suna zaune da ilmin da ba wanda ya tambaye su. Me zai hana reshen ƙungiya ya riƙa haɗa mu da yaran nan ko da Asabar ɗaya a wata? A irin wannan zama za a iya tattara kalmomin shari'a da Hausa a daidaita su, don kada tafintan wannan kotu ya faɗi abu, na waccan ya faɗi wani.

Ga matasa kuma, ina ba ku shawara kada ku tsaya ga cire muku kuɗin ƙungiya daga albashi. Ku riƙa zuwa taro. Wata rana wani mai hali zai biyo ka har gida da dare, ya nemi a ɗan taɓa kwanan wata, ko a ce fayil ya ɓata. An zo mini, ba sau ɗaya ba. Abin da ya tsayar da ni, bayan tsoron Allah, shi ne ina da manya da zan kai wa maganar da safe, kuma na san ba za su bar ni ni kaɗai ba. Ma'aikacin da ba shi da kowa, shi ake fara lalubowa.

Ni dai na riga na soma da ɗan maƙwabcina. Duk Asabar bayan azahar yakan zo zaure, in karanto masa shaidar da na ƙirƙira, ya rubuta, mu bi ta da yatsa. Makon jiya ya zo da abokan aikinsa biyu, tabarmar ta yi mana kaɗan. Idan reshenmu na Zariya zai samar mana ɗaki da benci, na san aƙalla tsofaffi uku da suka ce mini a shirye suke.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Tudun Wada, Zariya.